Inda Hayaƙin Gwaggo Asabe Ya Shiga

Duk wanda ya taɓa bi ta lungunmu a Koki ya ɗaga kai, ya ga wani jan ƙyalle ɗaure a ƙarfen barandar benenmu. Baƙi kan ɗauka na maganin baki ne. Ku da kuka san Gwaggo Asabe kun san ba haka ba ne, ƙyallen nan shi ke faɗa mata inda iska ta dosa. Ba ta taɓa hura gawayi ba sai ta fito ta tsaya, hannu a ƙugu, ta tsura masa ido tukuna. In ya nuna inda take so, ta ce bisimilla ta jawo kurfoti. In ya nuna wani wajen, ta ja tsaki ta mayar da namanta cikin kwano, ta ce yau ba ranar gashi ba ce.

Gwaggo yayar babanmu ce. Da mijinta ya rasu ta dawo gidan gado ta ɗauki ɗakin sama, ni da matata Zainab da yara muna ƙasa. Barandar tata da kyar ta kai faɗin dardumar salla. A nan ta kafa daularta: ɗan kurfoti ɗan tsugul, ragar wata tsohuwar fanka da ta sa na kwance mata ta zama abin ɗora nama, maficin kaba, da wata wuƙa da ta sha washi har ta rame. Soyayyen nama bai dame ta ba, ta ce ɓarnar mai ce. Amma hanta ko ƙoda ko ƙundun kaza, a shafa ɗan man gyaɗa a barbaɗa yaji a ɗora a ragar fankan nan, to Gwaggo ta gama samun duniya. Kuma ta iya, wannan ko maƙiyinta ya shaida. Ni dai ban taɓa cin gashin da ya kama ƙafar nata ba, duk da cewa ban cika samu ba, kuma zan zo kan wannan.

Abin da ya haɗa ta da ƙyalle shi ne abubuwa biyu da Allah Ya haɗa mata a jiki ɗaya: hannun jarirai da tsoron haƙƙi. Tun tana yarinya ta ji mahaifinsu yana cewa bai kamata ka dami maƙwabci da ƙamshin girkinka ba sai in za ka ɗiba masa. Gwaggo ta riƙe maganar nan gam, ta mayar da ita doka.

"Inda hayaƙi ya shiga, nama ya bi," in ji ta. "Hayaƙi ɗan aike ne. Ya riga ya yi sallama a madadinka, kai kuma ka noƙe?"

Sai dai dokar ba ta ce dole hayaƙi ya shiga gidan mutane ba. A kudu da mu gidan Malam Habu ne, gidan da yara suka fi kwanuka yawa. A arewa masallacin lungu. A gabas wani kango ne da magada suka kasa rabawa, ba kowa ciki sai ƙadangaru da akuyar wani. A yamma kuma gidan Hajiya Mairo, wadda tagar ɗakinta ke kallon barandar Gwaggo, in ka miƙa tsintsiyar yana sai ka taɓa ta. Saboda haka Gwaggo ba ta gashi sai ƙyalle ya nuna kango. Ta ce ƙadangare ba ya cikin maƙwabtan da za a tambaye ta a kansu.

Ni fa? Ni da nake sayo gawayi, nake kai wuƙa washi, nake ɗaure ragar fanka da waya in ta ɓalle? Wata rana na gaji na ce, "Gwaggo, mu na ƙasa ba mu da haƙƙi ne?"

Ta ce, "Nasiru, ka taɓa ganin hayaƙi ya yi ƙasa?"

Washegari da na ji ƙamshi ya fara tashi sai na haura a hankali, na tsaya daidai inda hayaƙin ke bi, na buɗe hanci ina shaƙa har idona ya kawo ruwa, na ɗan yi tari don ta shaida. Ko ɗago kai ba ta yi ba. Tana juya ƙoda ta ce, "Hayaƙin ne ya je maka, ko kai ka zo masa?" Ranar dai na samu, amma bayan ta ja mini kunne cewa kyauta ce, kada in je in ce haƙƙina ne.

Iska kuwa ba ta da alkawari. Akwai wata ranar damina da ƙyalle ya nuna gabas sarai, Gwaggo ta ɗora ƙoda ɗaya da 'yar hanta, nama ya fara tsartuwa, sai kawai ƙyalle ya juya ya nuna arewa. An idar da la'asar kenan, dattawa na zaune a ƙofar masallaci suna lazimi. Hayaƙi ya sauka a kansu kamar an aike shi.

Ta leƙo ta kira ni da ƙaramar murya. "Je ka ƙirgo mini takalman ƙofar masallaci."

Na je na dawo na ce, "Gwaggo, yau fa har da baƙi, an yi ɗaurin aure a bayan layi."

Ta yi salati. Sannan ta ce in miƙo mata reza da tsinken sakace. Da reza Gwaggo ta raba ƙodar nan da hanta, kowane yanki ta soke shi a tsinke, ta jera a faranti, ta ce in kai kuma in tabbatar kowa ya ɗauka. Na kai, kaina a sunkuye. Ladan ya ɗauki nasa ya jujjuya, ya ce, "Nasiru, wannan da ruwa ake haɗiya? Safe da yamma, ko sau ɗaya?" Dattawa suka bushe da dariya, har mai carbi sai da ya ajiye. Na dawo na faɗa mata ina zaton za ta ji kunya.

Ta ce, "Ka koma ka ce masa hayaƙin da ya shaƙa ma bai fi haka ba. Ban ci haƙƙin kowa ba."

Labarin nan ne ya kai kunnen ɗanta, Kabiru, da ke aiki a Abuja, ya ga an zubar masa da mutunci. Sai ga shi da mota an ɗauko wani abin gashi baƙi ƙato, mai murfi da tayoyi biyu da bututun hayaƙi. Ƙarti suka yi ta fama da shi a matakalar benenmu, wadda ko buhun gero sai an karkata shi. Suka juya ta kai, suka juya ta gindi, suka ɓantare mana siminti, abu ya ce ba inda za shi. Gwaggo na tsaye a sama tana kallo.

"Kabiru, wannan ina za shi ne da aka sa masa taya?"

"Hajiya, don a riƙa tura shi ne."

"A tura shi ina? Barandar da in na yi atishawa sai na riƙe ƙarfe?" Ta nuna bututun da mafici. "Kuma dubi wannan. In ya yi tari ɗaya har Ƙofar Dawanau sai na kai nama. Kai ɗana ne ko talauta ni aka turo ka ka yi?"

A tsakar gida aka jingine shi. Ba a yi wata ba kazar Zainab ta gano shi ta fara ƙwai a ciki, ta kwanta ta ƙyanƙyashe. Gwaggo ta leƙo daga sama ta ce a faɗa wa Kabiru an gode, kayansa sun fara amfani. 'Yan tsakin nan da suka girma, a ragar fanka suka ƙare ɗaya bayan ɗaya.

To amma duk wannan wasa ne. Inda Gwaggo ba ta wasa shi ne yamma. Kudu da arewa in iska ta yaudare ta takan biya ta yi mita ta wuce. Yamma kuwa, ko ƙyalle ya ɗan karkata ne kawai, ruwa take yayyafa wa gawayi, ko da nama ya kusa nuna. Kun san dalili, amma bari in faɗa don yaran da suka taso daga baya.

Gwaggo da Hajiya Mairo tare suka yi wasan ƙasa a lungun nan. Tare aka sa su makaranta, kowacce ita ce babbar ƙawa a bikin ɗaya, anko ɗaya, sirri ɗaya. Ranar sunan ɗiyata ta fari Gwaggo ta gasa hantar ragon suna ta yayyanka aka kai wa mata. Hajiya Mairo, wadda bakinta ba ya ajiya, ta ɗauki yanki ɗaya ta ɗaga shi sama wajen haske, ta kanne ido ɗaya, ta ce, "Asabe, sannu da ƙoƙari. Wallahi ina hango dutsen Dala ta cikinsa, har da masu hawa." Mata suka kwashe da dariya, wata har da faɗuwa daga kujera. Gwaggo ta ɗauke farantinta ta hau sama, kuma daga ranar aka shiga gaba. Yarinyar da aka yi abin a sunanta har ta shiga sakandare ana kai.

An yi ban-baki har an gaji. Liman da kansa ya aiko a tuna mata gaba ba ta halatta tsakanin Musulmi. Sai Gwaggo ta samo mafita. Kowace Juma'a da safe takan fito baranda ta juya yamma, ta kalli katanga, ba tagar ba, ta ce, "Salamu alaikum." Ta ɗan jira. Ta ce, "To, na fita," ta koma ɗaki. Daga baya Zainab ta gano cewa ita ma Hajiya Mairo tana amsawa daga ciki, amma tana kallon randa. Muna dariyar abin, amma ni a raina yana damuna. Su biyun tsufa ya kama su, duk sa'o'insu sun tafi, kowacce ita ce kaɗai ta rage wa ɗaya, kuma ina tsoron ranar da za a fito da ɗaya a makara ɗayar na bayan taga.

Sai shekarar da mijin Hajiya Mairo ya rasu, kasuwa kuma ta karye wa ɗanta. Gwaggo ta je gaisuwa, ta zauna a bakin ƙofa cikin mata, ta yi addu'a tana kallon tabarma, ta taso. Da Babbar Salla ta matso, kowane gida a lungu kana jin kukan rago, ta yamma kuwa shiru. Ranar Salla bayan an feɗe namu, Zainab ta yanki tsoka mai kyau ta rufe a kwano ta kai da kanta. Gwaggo ta ce, "Wahalar banza. Mairo ce fa." Haka kuwa aka yi. Kwano ya dawo yadda ya tafi, da saƙon an gode, suna da shi. Kowa ya san ba su da shi.

Na ce, "Gwaggo, yanzu haka za a bar su?"

Ta ce, "Ina ruwana. Miƙo mini hantata."

Wajen la'asar ina tsakar gida ina babbakar kai da ƙafa, hadari ya haɗo baƙi ƙirin ta gabas. Can sai na ji tari daga yamma. Tari ne mai tsari, na wadda take so a ji ta. Na ɗaga kai na ga hayaƙi na tuɗaɗa ta tagar Hajiya Mairo. Na haura da gudu. Na tarar da Gwaggo a durƙushe, mafici a hannu biyu tana ta fifita, gumi ya jiƙe mata ɗankwali, kurfoti na hayaƙin da ban taɓa ganin ya yi ba, don kitse ne ke ɗiga a kan garwashi. Gwaggo da ko ƙwayar kitse ba ta bari ta faɗi.

"Iska ta ci amanata, Nasiru," ta ce, ba ta kalle ni ba.

Tausayinta ya kama ni, ga tsohuwa tana kokawa da iska. Na ce ta bari kawai, abin da ya faru ya faru. Ta ajiye mafici, ta yi kicin-kicin da fuska, ta yanka hanta a faranti ta miƙo mini.

"Kai mata. Ka ce ba kyauta ba ce, ba kuma sadaka ba. Haƙƙin hayaƙi ne, in ta ƙi karɓa ita ta sani da Allah."

Na kai. Hajiya Mairo na zaune a bakin gado tana goge ido da gefen mayafi. Ta saurari saƙo har ƙarshe, ta dubi farantin, ta dube ni.

"Nasiru, hayaƙin naka ne?"

"A'a, Hajiya."

"To mai hayaƙi ta zo."

Na dawo da faranti ina jiran tashin hankali. Sai Gwaggo ta jawo sauran hantar gaba ɗaya, ta ɗauki ramammiyar wuƙarta, ta yanka wasu irin yanka masu kauri da ban taɓa zaton hannunta ya san hanyarsu ba. Ta zura hijabi, ta sauko tana dafa bango, an fara yayyafi. Na bi ta a baya da sunan riƙe lema, amma gaskiya gulma ce ta kai ni.

Ta yi sallama, wannan karon tana kallon mutum. Aka amsa, ba a kalli randa ba. Ta dire faranti a gaban Hajiya Mairo ta tsaya ƙiƙam. Hajiya Mairo ta ɗauki yanki mafi girma, ta ɗaga shi wajen taga, ta kanne ido ɗaya, ta daɗe tana dubawa.

"Yau kam ban ga Dala ba."

"Idonki ne ya mutu," in ji Gwaggo.

"Asabe, ke dai muguwa ce. Sai da haƙorana suka ƙare kika yanko mai kauri."

Gwaggo ta so ta daure, amma dariya ta ƙwace mata, ta zauna daɓas a bakin gadon, ta ce, "Kawo nan, tsohuwar banza," ta fara yayyanka mata ƙanana-ƙanana. Daga dariya ban san lokacin da suka koma kuka ba, kowacce na riƙe da hannun ɗaya, ana kiran sunayen waɗanda suka mutu. Na ja ƙafa na fito. Ruwa ya sauko sosai, Gwaggo ba ta dawo gida ba sai da aka kira magariba, kuma ni ko ɗanɗane ban samu ba a hantar ragon da ni na saya.

Daga nan doka ta juye. Ƙyalle ya nuna kango, Gwaggo ta ce yau ba ranar gashi ba ce. Ya nuna yamma, sai ka ji tana kirana in kawo gawayi maza kafin iska ta canza ra'ayi. Ta koyi gasa hanta da laushi saboda marar haƙora. Wani lokaci ma ba a bi ta ƙofa, a bakin sanda ake rataya kwano a miƙa ta taga, kwano ya dawo da goro ko ɗan turare, da baƙar magana a kai. Suka yi shekara biyu a haka suna zagin juna ta taga kullum, ban taɓa ganin Gwaggo cikin jin daɗi irin na lokacin ba. Cikin ranin da ya wuce ta kwanta 'yar gajeruwar jinya, Allah Ya karɓi abarsa, kanta na kan cinyar Hajiya Mairo.

Sallar bana ce ta farko da ba ta. Da aka feɗe rago na ɗauki hanta na hau sama ni kaɗai. Komai na nan yadda ta bar shi, kurfoti a kife, ragar fanka a rataye, ƙyallen ya koɗe ya zama ruwan hoda. Na hura gawayi na ɗora nama. Ƙyalle ya miƙe ya nuna gabas, hayaƙi ya yi ta tafiya wajen ƙadangaru. Na zauna ina jira ko iska za ta juyo, nama na neman ƙonewa.

Sai na ji an turo taga.

"Nasiru, me kake jira?"

"Iska, Hajiya. Ta ƙi juyowa."

Ta yi 'yar dariya. "Kai har yau ba ka gane ba? Ranar hadarin nan ina tsaye a nan ina kallonta ta bayan labule. Ƙyallen nan gabas yake nunawa, iskar hadari ba ta ma iso ba. Kitse ta zuba a wuta, ta sa mafici ta koro mini shi da hannunta." Ta goge ido. "Ni kuma na yi mata tari, don kada wahalarta ta tashi a banza."

Na juya na ga maficin kaba a soke a jikin ƙarfe, bakinsa duk ya zaizaye. Na zaro shi, na yanki kitse na jefa a garwashi, na riƙe shi hannu biyu na fara fifitawa yamma. Idona na ta ruwa, na ce wa Hajiya hayaƙi ne, ta ce ita ma shi ne.

Allah Ya jiƙan Gwaggo Asabe, Ya yafe mata, Ya sa duk ɗan yankin da ta raba da reza ya yi nauyi a mizaninta. Ya Allah, Ka buɗe mata taga ƙamshin Aljanna ya shigar mata har makwanci. In ya shiga kuwa, muna kyautata zato sauran zai biyo baya. Amin.